Shatin Hannu a Bayan Rigar Baba Ƙarami

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙanwarka, tare da fatan takardar nan za ta same ka lafiya lau, kai da maiɗakinka da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarka. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa ciwon bayan da ka yi fama da shi bara ya tafi ke nan. Mu ma muna cikin alherin Allah. Inna tana nan da ƙarfinta, in ban da gwiwa da ke hana ta sakat. Bakin kuwa yana nan yadda ka bar shi, ko jiya sai da ta wanke maigidana tas don ya bar ƙofa a buɗe kaji sun shiga ɗakinta. Ɗanka Baba Ƙarami yana samun sauƙi, an cire masa zaren ɗinkin goshi tun makon jiya, kuma likita ya duba idon sau biyu ya tabbatar mana babu abin da ya taɓa ganinsa. Na fara da wannan ne don hankalinka ya kwanta kafin in shiga maganar da ta sa na ɗauki biro.

Saƙonka ya iso ta bakin Kawu Direba, bai rage ko harafi ba. Ya ce ka ce ƙarshen wata kana tafe, za ka tattara kayan ɗanka ka tafi da shi tunda riƙon ya gagare ni, amma kafin ka juya sai ka ga yaron da ya fasa masa goshi, shi da ubansa. Ban ji haushinka ba, Yaya. Da ni ce a nesa aka kira ni aka ce an yi wa ɗana ɗinki bakwai a saman ido, da abin da zan faɗa ya fi naka muni. Na zaɓi takarda ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai aya, tun muna yara haka kake, kana tambaya kana ba kanka amsa. Don Allah ka zauna ka karanta har ƙarshe. Ramuwa kake so, ni ma ita nake so, har na riga ka farawa. Sai dai ka auna hannunka a kan wanda ba shi ba ne.

Ka san hanyar da ta taso daga ƙofar makarantarsu ta biyo ta gaban shaguna har ta ɓullo layinmu. Tun zangon karatun da ya wuce hanyar nan ta zama fagen faɗa. Da an kaɗa ƙararrawar tashi, yara 'yan aji uku da huɗu, waɗanda ko majina ba su gama iya sharewa ba, sai su yi da'ira a sa biyu a tsakiya. Yau a dawo da yagaggiyar riga, gobe da kumburarren leɓe, har wani ya zaro rezar fiƙe fensir ya tsaga wa ɗan'uwansa hannu. Nan ne Hedimasta ya tara iyaye aka kafa kwamiti, ni ma aka sa ni ciki don an san ba na rasa ta cewa. An yi tsari mai kyau, ba zan ƙi gaskiya ba. Iyaye mata biyu suna tsayawa a ƙofa kowace safiya suna duba jakunkuna, har sun cika gwangwani da reza da ƙusa. Hanyar kuma aka raba ta kashi tara, aka ce kowane mai shago ya tsare gabansa, tunda ɗa na kowa ne. Kowanne aka ba shi usur da falmaran ruwan ɗorawa, in ya ga an fara ya busa, na kusa su kawo ɗauki. Falmaran ɗin nan ni na ɗinka su duka tara, har da ɗan aljihun saka usur.

Kashin da ya fi kowanne fitina shi ne lungun da ke tsakanin injin niƙa da rumfar Mai Faci. Da aka zo rabo Mai Faci ne ya fara ɗaga hannu. Ya miƙe a gaban taro yana kumfar baki, wai kullum yana wurin, wai a idonsa ake yi, wai abin yana ƙona masa rai. Muka tafa masa. Babu wanda ya tambayi kansa me ya sa duk faɗan duniya a gaban rumfarsa yake ƙarewa, alhali ruwa ba ya tsami banza. Babu kuma wanda ya tuna cewa daidai lokacin tashin yara Mai Niƙa take tayar da injinta, ƙarar da ko ihu ka yi ba mai jin ka, balle usur. Mu da kanmu muka ba kura ajiyar nama, har ni na auna faɗin kafaɗarta na ɗinka mata riga.

Ranar Laraba ce, yau kwana goma sha shida. Ina shago ina haɗa wuyan wata riga sai ga yara a guje suna kiran Gwaggo, Gwaggo. Ban san lokacin da na bar takalmina ba. Na tarar Mai Faci ya saɓo Baba Ƙarami a kafaɗa zuwa ƙaramin asibitin bakin titi, jini ya rufe masa rabin fuska. Aka ce shi da wani ɗan ajinsu da ake kira Dogo suka kama, Dogo ya hankaɗa shi, ya faɗa da goshi a kan bakin wani tsohon wilin mota. Yaya, shekara ashirin ina soka allura a yadi, ban san tana da zafi ba sai da na tsaya na ga tana shiga fatar yaron nan. Sau bakwai, ina ƙirgawa. Ya riƙe hannuna gam, bai yi kuka ba, nas tana ta yaba jarumtarsa. Ni a lokacin har daɗi na ji.

Washegari kwamiti ya zauna. Aka yi wa Mai Faci godiya, har Hedimasta ya ce da kowa irinsa ne da an huta. Ni kuma na miƙe na ce sai an kori Dogo, ba dakatarwa ba, kora, kuma a rubuta a takardarsa yadda babu makarantar da za ta karɓe shi. Aka yi ta ba ni haƙuri ina watsar da shi, dole aka ɗage magana zuwa Asabar. Baba Ƙarami kuwa ko kalma ya ƙi faɗa, in na tambaye shi sai ya juya fuska bango. Ka san Allah bai ba ni nawa ba. Shekara biyar ke nan tun rasuwar mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta, yaron nan shi ne safiyata shi ne marecena. Na ƙudura a raina sai Dogo ya ɗanɗana, ko kwamiti ya yarda ko bai yarda ba.

Ranar Juma'a da hantsi na zazzago rigar makarantarsa daga ledar asibiti zan jiƙa. Gaban duk jini ne, wannan na sani. Da na juya bayanta sai na ga shatin hannu baƙi ƙirin a tsakanin kafaɗu, yatsu a baje suna kallon sama, baƙin mai da ƙurar taya. Na ce wurin ɗaukarsa ne, ban kawo komai ba. Na dai fasa wankin, na cusa rigar a jaka don in nuna wa uwar Dogo jinin da ɗanta ya zubar, na ɗauki katakon awon yadina na nufi gidansu. Ba zan ɓoye maka ba, ba awo zan je yi ba. Uban da ka ce za ka gani, Yaya, shekararsa uku a ƙasa. Uwar wankau take yi. Na same ta durƙushe gaban baho, igiyoyi uku cike da kayan mutane, hannuwanta duk sabulu ya cinye. Na zazzaga mata masifar da na zo da ita. Na zaro rigar na wurga mata, ta faɗi a kife. Sai matar ta tsaya da wanki, ta ƙura wa bayan rigar ido, ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da ta ɗanta, ta shimfiɗa kusa da ita.

Hannu ɗaya ne, Yaya. Wuri ɗaya, girma ɗaya, har da guntun yatsan tsakiya, wanda kowa ya san taya ce ta taɓa fashe wa Mai Faci ta cinye kansa. Sai da na sa tef na auna, don ni ba na yarda da ido kaɗai. Matar ta ce ta daɗe tana fama da wannan baƙin, ba a rigar ɗanta kaɗai ba, har a rigunan 'ya'yan gidajen da take yi wa wanki, kullum a gadon baya, ita ta ɗauka jingina suke yi da tsofaffin tayoyi. Ta kira Dogo daga bayan ɗaki inda ya ɓuya tun da ya ji muryata. Dogon da nake ta hasashen ƙato ne, ashe tsawo ne kawai, siriri kamar tsinken tsintsiya, yana kallon katakon hannuna. Uwarsa ta ce ya faɗi gaskiya ko ta bar ni da shi. Ya fashe da kuka ya ce Mai Faci ne ke zaɓa. In aiki ya lafa, sai ya kira yara biyu, ya ce wa wannan wancan ya ce ya fi ƙarfinka, ya ce wa wancan wannan ya zagi uwarka, ya dafa bayan kowanne ya tura su tsakiya, shi da masu zaman bencinsa suna daga zaune suna ƙyaƙyata dariya. Wanda ya ƙi kuwa, sunansa matsoraci har ƙarshen zango. Dogo ya ce ranar ma shi bai so ba, don da Baba Ƙarami suke buga ƙwallo. Na dubi katakon da ke hannuna kunya ta rufe ni. Amma fushin bai ragu ba ko kaɗan, gida kawai ya sauya.

Ranar Asabar muka je taro mu biyu da riguna a leda. Na bari sai da Mai Faci ya gama jawabi cikin falmaran ɗina, yana ba da shawarar a riƙa zane masu faɗa a gaban taron safe. Sannan na shimfiɗa rigunan a teburin Hedimasta, na roƙi Mai Faci cikin ladabi ya zo ya ɗora hannunsa a kai. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, nan take ya hau rantse-rantse tun ba a tuhume shi ba, wai wurin rabon faɗa ne. Uwar Dogo, wadda ban taɓa jin muryarta a taro ba, ta ce ita ta raba faɗa ya fi a ƙirga, mai rabo ƙirji yake tarewa ko ya ja wuyan riga, ba a raba faɗa da tura baya. Ta lissafo gidaje shida da ta wanke wa irin wannan shati, iyayen kuma suna zaune a wurin. Aka kira yara, Hedimasta ya yi musu alkawarin ba mai dukansu, sai baki ya buɗe. Wata 'yar aji uku har muryarsa ta kwaikwaya. Mai Niƙa ta dafe kai tana salati, ta ce tana hango kawuna a taru ta tagar injinta, ta ɗauka wasa ake yi.

Hukuncin da aka yanke shi ya ba ni takaici. An karɓe usur da falmaran, an sa ya ba da haƙuri, sai dattawa suka ce a bar kaza cikin gashinta, mutum ne mai iyali. Ya ba da haƙurin yana kallon rufin ɗaki. Kowa ya ce ya yafe, ni na ce ban yafe ba, kuma a rubuta. Falmaran ɗin na karɓe shi a wurin na sa almakashi na raba shi gida huɗu, yanzu da shi nake goge man keken ɗinkina. Ran Litinin na sa aka ɗauko kekena da teburina aka dasa a rumfar Mai Niƙa, daidai saitin bencin Mai Faci. Na kafa ƙusa a ginshiƙi na rataye rigar Baba Ƙarami, ba wanki, bayanta yana kallon rumfarsa. Ba na zaginsa, ko magana ba na yi masa, ɗinkina kawai nake yi. Duk wanda ya tsaya ya tambayi labarin rigar, sai in ajiye aiki in ba shi tun daga farko, a tsanake, da muryar da za ta tsallaka lungu. Masu babur ne yawancin masu kawo masa faci, kuma rabinsu suna da 'ya'ya a makarantar. Yanzu sai ka ga tayar mutum ta sace ya turo babur ya wuce shi, ya gwammace ya tura har bakin kasuwa. Bencin nan da ke cika babu mai zamansa sai kaji. Shekaranjiya ya aiko matarsa ta roƙe ni in sauke rigar. Na ba ta kujera na ba ta ruwa, don ita ba ta yi mini komai ba, na ce ta gaya masa ranar da tabon ya sauka daga goshin yarona, ranar rigar za ta sauka daga ƙusa. Maigidana yana cewa ya isa haka. Ni dai na taso na ji ana cewa rama cuta ga macuci ibada ne, kuma har yanzu ban ga alamar gajiya a jikina ba.

Kwamitin ma ya gyara tafiyarsa. Mai Niƙa tana kashe inji daga kaɗa ƙararrawa har yaro na ƙarshe ya wuce, masu niƙa suna mita amma suna jira. Kowane kashi na hanya yanzu mutum biyu ne, kuma dole ɗaya ta zama uwa mai ɗa a makarantar. Lungun nan ni da uwar Dogo muke riƙe da shi, usur a wuyana. Maganar korar Dogo ni na janye ta da bakina, shi ne ma ya riƙa kawo wa Baba Ƙarami aikin gida kwanakin da yake kwance. Tun daga ranar ko maɓalli ba a tsinka a hanyar ba.

Saura magana ɗaya, ita ta fi yi mini nauyi. Na so in bar ta, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bayan taron Asabar Hedimasta ya ja ni gefe. Ya ce ya tambayi Baba Ƙarami, tunda ba ya son faɗan kuma hanya a buɗe take, me ya hana shi gudu gida. Yaron ya ce Gwaggo ta ce duk ranar da aka doke shi ya dawo da kuka bai rama ba, sai ta ƙara masa. Na faɗa, Yaya, ba sau ɗaya ba. Ina ɗaure masa igiyar takalmi nake faɗa, ina ganin tarbiyya nake yi. Haka Inna ta yi mana. Ka tuna ranar da ta rufe maka ƙofa ta ce ba za ka shigo ba sai ka koma ka rama, ka koma ka dawo da haƙorinka a hannu, muka yi ta ba da labarin muna dariya har girmanmu. Shi ya sa bai yi kuka a asibiti ba. Ba jarumta ba ce, ni yake tsoro. Mai Faci ya tura shi ta baya, ni kuma na tare masa hanyar gida. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na wani. Na gaya wa Inna abin da Baba Ƙarami ya faɗa. Ta ce a kira mata shi, ta zaunar da shi a kan gwiwar nan mai ciwo har la'asar. A taron da ya biyo baya na miƙe na faɗi wannan a gaban iyaye, na ce duk wanda bai taɓa gaya wa ɗansa haka ba ya ɗaga hannu. Hannu biyu na gani, ɗayan ma ban yarda da shi ba.

Saboda haka in ka zo, kuma ina so ka zo, ka ƙyale Dogo da uwarsa, sun sha nasu. Mai Faci kuma ka bar mini shi. Kada ka taɓa shi ka ba shi abin kai ƙara, mutane su koma jin tausayinsa. Dukanka kwana biyu zai warke, nawa kuwa kullum ne, daga hantsi har la'asar. Maganar ɗauke yaro, ɗanka ne, ba ni da ikon hana ka, kuma yanzu ka ji laifina daga bakina ba daga bakin Kawu Direba ba. Amma ina roƙonka don darajar Inna ka bar mini shi. Ni na dasa masa wannan magana a kai, ka ba ni lokaci in farke ta da hannuna, don tela ya fi kowa sanin inda ya karkata ɗinki. In ka tafi da shi yanzu, da ita zai tafi.

Inna tana sa maka albarka, ta ce ka taho mata da man zafi irin na wancan karon. Maigidana yana gaishe ka, haka Kawu Direba, haka Yaya Babba da yaranta. Ka gaishe mini da maiɗakinka da kyau, da 'Yar Auta da ban gani ba sai a hoto, da Tsoho maƙwabcinka da ya yi jinyarka bara. Baba Ƙarami yana zaune kusa da ni yanzu haka yana kallon biro. Na tambaye shi me zan rubuta maka daga wurinsa. Ya shafa goshinsa, ya ce in gaya wa Babansa bai gudu ba. Na rubuta don na yi masa alkawari. Don girman Allah, Yaya, in ka zo ya faɗa maka da bakinsa, kada ka ce masa ya kyauta.

Wassalam, ni ce ƙanwarka,
Gwaggon Baba Ƙarami